Solenoyid, Tortoise ko sarbo: wace na'ura ta dace da mararrabar ƙaramin layin dogonka?

Mai ƙaramin layin dogo, irin na nishaɗi da ake shimfiɗawa a kan tebur, yakan fara ne da juya mararraba da yatsa, kuma babu laifi a hakan muddin hannu yana kaiwa. Sai layi ya faɗaɗa ake gane kuren: wata mararrabar ta koma bayan tsauni, wata ta shige cikin rami, wata kuma sai ka miƙa hannu ta saman gine-gine da turakun sigina kafin ka taɓa ta. A nan ake fara neman na'urar da za ta juya harsunan daga nesa, wato siraran ƙarafa biyu masu motsi da ke sauya wa jirgi hanya. Sunayensu suna da yawa, amma idan aka tace, gida huɗu ne. Akwai solenoyid mai bugu, akwai moto mai tafiyar hawainiya da ke tsayawa da wuta a jikinsa, akwai moton da ke yanke wa kansa wuta idan ya kai ƙarshe, sannan ga sarbo, ƙaramin moto mai hannu da ake umarta ta saƙon lantarki ya juya ya tsaya inda ake so.

Tafiyar da ake nema ba wata mai yawa ba ce. A ma'aunin HO da OO, inda faɗin layi yake milimita 16.5, harsunan mararraba ba sa wuce milimita 2 zuwa 3 daga wannan gefe zuwa wancan. A ma'aunin N mai milimita 9 ma ba ta kai haka ba. Kowace na'ura tana iya wannan turin. Inda suke rabuwa shi ne abu biyu da mai saye ba kasafai yake tambaya ba. Bayan an tura harshe, me zai riƙe shi ya manne da ƙarfen gefe har taragon ƙarshe ya wuce? Sannan me zai kai wutar da ta dace ga tsinin mararraba, wurin nan da ƙarafa biyu suka gitta juna, wanda masu harkar ke kira firog? A ganina amsar waɗannan tambayoyi biyu ce ke zaɓa wa mutum na'ura, kuma rabin amsar yana jikin mararrabar da ke hannunka.

Ɗauke ta ka tura sandar da ta haɗa harsunan biyu da farce. Idan ta yi ƙas ta tsallaka ta zauna daram, akwai ɗan ƙaramin sifirin a ciki, haka na Peco suke zuwa. Idan kuwa harsunan suna lilo, duk inda ka sake su nan suke tsayawa, to babu abin da ke riƙe su. Haka na Atlas Custom-Line suke, haka ma waɗanda mutum ya haɗa da hannunsa ta hanyar liƙa ƙarafa da dalma.

Solenoyid shi ne tsoho a cikinsu, kuma shi ya fi sauƙin fahimta. Kwayil biyu ne da ɗan sandan ƙarfe a tsakiya. Ka ba na hagu wuta, ya fizgi ƙarfen hagu, ka ba na dama, ya fizgo shi dama. Peco PL-10, da Seep PM-1 da PM-2 na Gaugemaster, da na Hornby da na Atlas, duk 'yan gida ɗaya ne. Suna da araha, ba sa cin wuri a ƙarƙashin tebur, kuma kafin ƙiftawar ido sun gama aiki. Sai dai da zarar wuta ta ɗauke, yawancinsu sun saki jiki ke nan. PL-10 ba ya riƙe komai, sifirin mararrabar ne ke riƙon. Shi ya sa wanda ya ɗaura shi a mararrabar da ba ta da sifirin zai ga harshe yana janyewa kaɗan-kaɗan saboda girgizar tayoyi, har wata rana kan jirgi ya bi dama, tarago na uku ya bi hagu. Domin irin wannan mararrabar aka yi Seep PM-4 mai makulli a jikinsa.

Cin wutarsa ma abin lura ne. A volt 16, PL-10 yana jan kusan amfiya 2, wani lokaci ma fiye, amma na ɗan daƙiƙa kawai aka yi shi ya ɗauka. Idan maɓalli ya maƙale, ko yaro ya danne shi yana jin daɗin gurnanin, kwayil yakan yi zafi nan da nan. Da farko za ka ji warin roba, sannan robar da aka naɗe wayar a kanta ta narke ta cafke ƙarfen, shi ke nan ba ya ƙara motsi. Maganin wannan shi ne akwatin tara wuta da ake kira CDU. Kafasita ce babba da ke cika a hankali, ta juye duk abin da ta tara a bugu ɗaya, bayan nan kuma ko an ci gaba da danna maɓalli, 'yar wutar da ke biyowa ba ta isa ta ƙona komai ba. Ba na ba kowa shawarar ɗaura solenoyid ko guda ɗaya ba tare da CDU ba. Wayar ma ta zama mai kauri, irin 16/0.2, musamman idan nisa ya wuce mita biyu, domin siririyar waya tana cinye ƙarfin bugun tun kafin ya isa.

Abin da ya fi ba mutane wahala da shi shi ne saiti. Ba ya yafe karkata ko kaɗan. Idan layin tafiyar sandansa bai zo daidai da na sandar harsuna ba, zai buga sosai ta gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma sai gurnani. Hanyar da ta fi tabbas da PL-10 ita ce a maƙala shi kai tsaye a ƙarƙashin mararrabar Peco ta ramukan da aka tanada, amma wannan yana nufin yanke babban rami mai kusurwa huɗu a tebur, wanda daga baya sai an rufe shi da kwali kafin a zuba tsakuwa. PL-10E mai dogon tsinke yana wadatuwa da zagayayyen rami ƙarami, sai dai saitin ya dawo wuyanka. Ga kuma bugun kansa, wanda yau da gobe yake gajiyar da dalmar da ke riƙe harsuna a mararrabar haɗin hannu har ta tsage. Batun wutar firog kuwa, sai an ƙara masa makunni na daban, PL-13 ko PL-15. PL-13 yana ƙara wa na'urar nauyin ja. Seep PM-1 yana zuwa da nasa makunnin, ɗan zoben ƙarfe ne da ke goga allon na'urar, kuma idan ba a saita na'urar a tsakiya sosai ba, zoben ba ya kaiwa inda ya kamata.

Duk da haka ban yarda a raina shi ba. A ɓoyayyen filin ajiyar jirage, inda ba mai ganin harsuna, saurinsa riba ce, kuma ƙarar bugun ita ke shaida maka cewa hanya ta sauya. Da CDU mai ƙarfi da 'yan dayod, masu barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, maɓalli ɗaya zai jera maka mararraba huɗu ko biyar a lokaci guda.

A ɓangaren layin da ido ke gani kuwa, zuciyata tana wajen moto mai tafiyar hawainiya, kuma wanda aka fi sani shi ne Tortoise na kamfanin Circuitron a Amurka. Koren akwati ne da ƙaramin moto da jerin giya, wato 'yan fayafai masu haƙora, a ciki. Yana ɗaukar kimanin daƙiƙa 3 ya kai harshe daga gefe zuwa gefe, irin tafiyar da ake gani a layin dogo na gaskiya. Idan ya kai ƙarshe ba a yanke masa wuta, tsayawa yake yi yana turi, kuma an gina moton ne domin ya jure hakan. Siririyar wayar ƙarfen da ke hawa daga na'urar zuwa sandar harsuna tana lanƙwasa kaɗan, lanƙwasar ce ke danne harshe a jikin ƙarfen gefe. Ko an kashe wutar layin gaba ɗaya, giyar ba sa barin hannun ya koma. Tambayar riƙo ta samu amsa ke nan, da sifirin ko babu.

Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, kimanin miliamfiya 15 zuwa 16 idan yana tsaye a volt 12. Lissafa ka gani: guda 30 ba su kai rabin amfiya ba. Siririyar waya ta ishe shi, ba ya bukatar CDU. Juya masa fositif da negetif ne ke sauya alkiblarsa, don haka makunni mai baki shida da aka gitta wayoyinsa ya wadatar. Wani abin da nake so da shi shi ne, idan ka jera fitilar LED mai launi biyu a kan wayar moton, ba sai ka sa razista mai rage wuta ba, moton da kansa ke taƙaita wutar, kuma launin fitilar yana nuna maka inda aka juya hanya. Wanda gunjin giyar ya dame shi sai ya rage wutar zuwa volt 9, tafiyar ta ƙara laushi, ƙarar ta ragu.

A ƙasan akwatin akwai bakin jona waya guda 8. Na 1 da na 8 na moto ne. Sauran shidan makunnai biyu ne masu zaman kansu. Ka kai na 4 ga firog, na 2 da na 3 ga manyan wayoyin layi biyu, to duk inda harshe ya juya, firog ya samu wutar da ta dace. Ɗaya makunnin ya rage maka, ko don sigina ko don fitilar allon sarrafawa. Wannan ne ya sa kwatanta kuɗin Tortoise da na solenoyid tsirara ba adalci ba ne. Sai ka haɗa solenoyid da makunninsa da farantin ɗaurinsa da kasonsa na CDU, sannan ka ga tazarar ta tsuke.

Ɗaura shi yana son natsuwa, kuma aikin yana farawa tun kafin a shimfiɗa layi. Ka aza mararrabar a mazauninta, ka tsayar da sandar harsuna a tsakiya, ka zura fensir ta ɗan ramin sandar ka yi alama a tebur. Ɗage ta ka huda rami na milimita 8 zuwa 10. Bayan an kafa mararrabar, sai ka cusa guntayen kwali biyu masu kauri ɗaya tsakanin kowane harshe da ƙarfen gefensa, domin sandar ta tsaya cak a tsakiya. Hannun na'urar ma ka kawo shi tsakiya, amma a hankali, domin tura shi da ƙarfi yana iya lalata haƙoran giya. Daga ƙasa ka zura wayar ƙarfen har ta ɓullo ta ramin sandar. Wannan ne wurin da ya fi cin rai, musamman idan kai kaɗai ne, kuma haska tocila daga sama yana taimakawa ƙwarai. Kada ka yi saurin ɗaure sukuru. Fara manne akwatin da tef mai gam fuska biyu, ka cire kwalayen, ka gwada da batirin volt 9, ka juya wayoyin ka sake gwadawa. Idan gefe ɗaya ya fi mannewa, matsar da akwatin kaɗan. Idan duka biyun ba su danne sosai ba, akwai ɗan madogari mai zamewa a fuskar akwatin, ka saukar da shi ƙasa, tafiyar wayar a sama za ta ƙaru. Sai komai ya yi daidai ka ɗaure. Ragowar wayar da ta leƙo sama ka datse ta dab da sandar, in ba haka ba za ta kama cikin tarago. A nan a kiyaye abu biyu: wayar tana da taurin da zai yi wa almakashin yankan dogo giɓi, don haka a nemi filaya ta yankan ƙarfe mai tauri, kuma guntun yakan yi tsalle, a kare ido.

Wayar da ke zuwa a kwalin kaurinta inci 0.025 ne, wajen milimita 0.6. Ta isa idan kaurin tebur da shimfiɗar layi bai wuce santimita 2.5 ba, kuma an cire sifirin. Idan an aza soso mai kauri a kan katako, sai an canza ta da mai milimita 0.8 ko 1. Sifirin na Peco kuwa gara a cire shi. Idan aka bar shi, wayar za ta yi ta lanƙwasa har ta rinjaye shi, sannan harshe ya yi tsalle lokaci ɗaya, ka ga an biya kuɗin tafiyar hawainiya an samu bugu.

Akwai tarko guda da jinkirin ke ɗanawa, kuma ya kama mutane da yawa. A mararrabar Peco Electrofrog yadda take fitowa daga kwali, harsunan biyu da firog a haɗe suke ta fuskar wuta. Idan makunnin na'ura ya riga ya juya wutar firog alhali harshe bai gama rabuwa da ƙarfen gefe ba, wuta za ta haɗe, a tsarin DCC kuma, inda ake sarrafa jirage da saƙon dijital ta ƙarafan layi, duk layin ne zai ɗauke. Gyaran ana yin sa ne kafin a kafa mararrabar: a yanke 'yan wayoyin da ke ƙasa masu haɗa firog da ƙarafan harsuna, a liƙa kowane ƙarfen harshe da ƙarfen gefen da ke kusa da shi, a sa mahaɗin roba a ƙarafa biyun da suka fito daga firog. Samfurin Unifrog na Peco ya zo da wannan tsarin a shirye, da wayar firog a jikinsa.

Babban aibin Tortoise girma ne. Yana sauka fiye da santimita 8 a ƙarƙashin tebur. Mai layi hawa biyu, ko tebur da ake naɗewa a jingine, zai ji a jikinsa. Kuma idan katakon da ke tallafe tebur ya gitta daidai ƙarƙashin sandar harsuna, an shiga uku, shi ya sa ake zana inda mararraba za su zauna kafin a kafa katakan tallafi. Cobalt na DCCconcepts aikinsu iri ɗaya ne, amma ya fi gajarta, kuma bakin wayoyinsa na dannawa ne, ba sai an kwanta a ƙarƙashin tebur ana narka dalma a saman fuska ba. Wannan kaɗai ya isa ya ja ra'ayin wanda bayansa ke ciwo.

Inda wuri ya yi ƙunci sosai, MP1 da MP5 na kamfanin MTB da ke ƙasar Cek sun cancanci a duba su. Sirara ne, suna tafiya a hankali duk da ba su kai Tortoise laushi ba, kuma idan sun kai ƙarshe suna yanke wa kansu wuta su kulle a wurin. Ana saita tafiyar MP1 a milimita 3, 6 ko 9. Yana da makunni ɗaya na firog, MP5 yana da biyu. Sandansu ya fi wayar Tortoise tauri, don haka saitin tsakiya ya fi muhimmanci a nan.

Sai sarbo, wanda ya fi kowanne jan hankalin mai mararraba da yawa. Ƙaramin SG90 mai nauyin giram 9 shi ne mafi araha a duk abin da aka ambata, kuma yana yin abin da sauran ba sa yi: kai za ka zaɓi saurinsa, kai za ka zaɓi inda zai tsaya a kowane gefe. Amma wanda ya ci zomo ya ci gudu. Sarbo ba ya motsi don an ba shi wuta kawai. Yana son volt 5 tsayayye, sannan yana jiran saƙo ta waya ta uku, bugun lantarki mai tsawon kashi 1 zuwa 2 cikin dubu na daƙiƙa, sau 50 a kowace daƙiƙa. Dole ke nan a samo mai aika saƙon, ko Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ake tsara wa aiki, da allon PCA9685 mai ɗaukar sarbo 16, ko allon da aka gama haɗawa irin na MegaPoints, da Tam Valley Depot, da ESU SwitchPilot Servo. Mazaunin da za a ɗaura shi kai za ka nema ko ka ƙera. Makunnin firog ma kai za ka ƙara, ko ƙaramin makunni da hannun sarbon zai danna, ko rile, makunnin da wuta ke juyawa.

Halayensa biyu ya kamata a sani tun farko. Yawancin masu araha sukan yi zabura a lokacin da aka kunna wuta, kuma idan an haɗa su da sandar harsuna da ƙarfe mai tauri, zaburar tana iya karya sandar. Siririyar waya mai lanƙwasa ita ke shanye wannan. Na biyu, doguwar wayar saƙo da ta bi kusa da wayoyin DCC tana kwaso hayaniyar lantarki, sarbo ya riƙa rawar jiki. A ajiye allon kusa da su, a raba hanyar wayoyi. Idan ka ji sarbo yana ta zuuu bayan ya tsaya, an saita shi ya wuce iyaka ne, yana kokawa da ƙarfen gefe yana ɗaukar zafi. Rage masa tafiya, ko ka sa allon ya daina aika saƙo bayan an kai. Ga wanda ke jin daɗin zama da allon lantarki, duk wannan wani ɓangare ne na nishaɗin, kuma idan mararraba ta kai 30 ko 40 sauƙin kuɗin yana fitowa fili. Ga mai mararraba shida da ke son ya ga jirgi yana gudu a ƙarshen mako, ban ga ribar ba.

Masu DCC su kula cewa dikoda, wato na'urar da ke karɓar saƙon DCC ta motsa mararraba, ba iri ɗaya ba ce. Ta solenoyid bugu take bayarwa ta ɗauke, ta Tortoise kuwa wuta ce mai ɗorewa, idan aka musanya su ko dai kwayil ya ƙone ko moto ya tsaya a rabin hanya. Digitrax DS64 ana saita ta ga kowanne, tana ɗaukar mararraba huɗu. Smail na Circuitron da Cobalt iP Digital suna zuwa da dikoda a cikinsu. Ko wacce ka ɗauka, ka ja mata wayar wuta dabam da ta layi. In ba haka ba, ranar da jirgi ya shiga mararrabar da ba a juya masa ba wuta ta haɗe, na'urar da za ta warware matsalar ita ma ta mutu tare da layin. Masu Kato Unitrack kuwa ba su da wannan zaɓen, na'urar tana cikin mararrabar, waya biyu gare ta, kuma gajeren bugun DC take so wanda ake juya wa fuska, don haka kada a jona ta irin jonin PL-10.

Idan aka tambaye ni, ga wanda bai riga ya shimfiɗa layi ba kuma yana da sarari a ƙasa, Tortoise ko Cobalt a duk inda ake gani, solenoyid da CDU a ɓoyayyen fili idan mararrabar masu sifirin ne. Haɗa iri biyu a layi ɗaya ba aibi ba ne, wutarsu kawai za a raba. A ranar zuba tsakuwa kuma, ko wace iri ce a ƙasa, a rufe ramin da takarda mai ɗan tsagi, a nisanta ruwan gam daga sandar harsuna, a riƙa motsa ta lokaci-lokaci har gam ɗin ya bushe.

Wanda ya riga ya manne mararrabarsa ya zuba tsakuwa ba tare da rami ba, kada ya yi gangancin hudowa daga ƙasa, bakin dirili yana ɓullowa zai tafi da sandar harsuna. Hanya biyu gare shi. Ko ya ɗaura ta saman tebur a gefen mararrabar, irin Peco PL-11 ko Cobalt-SS, ya ɓoye ta a cikin ɗan gini ko bayan tudu. Ko kuma ya huda daga sama a gefen layi, daidai ƙarshen sandar harsuna inda ta leƙo waje, ya zuro wayar na'urar ta nan. Turin daga gefe yana aiki, sai dai a ma'aunin N sandar siririya ce, a fara da waya mai laushi, a ƙara kauri idan an ga harshe bai manne ba.